Jikan Mai Gangar Noma

Abdulgani yaro ne mai ƙwaƙwalwa, wannan ko wanda ba ya ƙaunarsa ba zai musa ba. Sai dai yana da wata cuta mai naci kamar ciwon haƙori: kunyar asalinsa yake ji. A Dodoru aka haife shi, a gidan makaɗa. Kakansa Mamman shi ne mai gangar noman garin, wanda in ya rataya ganga ranar gayya, ko rago sai ya duƙa. Mamman ya rasu tun kafin a haifi Abdulgani. Mahaifinsa Faruk kuwa bai gaji kiɗan ba, ya koma Gwandu yana gyaran babura. Gangar ta zauna a rataye a ɗakin Inno, kakar Abdulgani, gizo-gizo yana saƙa a kanta.

Tun yana sakandare wani yaro ya kira shi jikan maroƙa a gaban aji, aka kwashe da dariya. Dariyar nan ba ta fita daga kunnensa ba. Da ya zo cika takardar shiga jami'a, a wurin da mutanenmu kan sa sunan garinsu, sai ya rubuta Abdulgani Faruk Gwandu. Duk wanda ya tambaye shi, sai ya ce gidansu gidan malamai ne. Ni dai har yau ban ga abin kunya ba a mutumin da ya sa gari ya noma abin da zai ci, amma ƙuruciya ba ta shawara da kowa.

Haka ya yi shekara uku a wata jami'a da ke kusa da Kalgo, a sashen harsunan Nijeriya. A shekarar ƙarshe aka raba wa ɗalibai batutuwan kundin kammala digiri. Ka ji ikon Allah, abin da ya faɗo a kan Abdulgani shi ne kiɗan noma a ƙasar Gwandu. Ya je wurin malamin da ke duba aikinsa, Dakta Muhammad Sani, ya roƙi a sauya masa. Dakta ya ce ba a sauyawa.

Sai Abdulgani ya nemi gajeriyar hanya. Ya zauna da wayarsa, ya tsinto nan, ya tsinto can, ya haɗa shafi arba'in ya kai. Dakta ya duba shafi uku ya tura masa abinsa.

"Wannan duk labarin wasu ƙasashe ne. Ina ƙasar Gwandu a ciki? Ina waƙoƙin?"

"Ranka ya daɗe, ai yanzu ba a gayya. Maganin feshi ya kashe ta."

"Na sani. Shi ya sa ake da laburare. Waƙa biyar nake so, da muryar mai su, da sunansa, da garin da aka yi su. Ƙarshen watan nan ake rufe karɓar aiki. In ba ka kawo ba, sai baɗi. Je ka ga Mama Rut."

Sai baɗi. Ma'ana abokansa su tafi hidimar ƙasa, shi yana nan, kuma mahaifinsa ya ƙara shekara guda a ƙarƙashin babura saboda shi. Wannan kalma ta fi komai tsaya masa a rai.

Mama Rut Istifanus mutuniyar Zuru ce, dattijuwa mai tabarau, ita ke kula da ɗakin ajiya na musamman a can ƙuryar laburare. Ta saurare shi da kyau, sannan ta kai shi wata kanta ta nuna masa kundayen ɗaliban baya da wasu littattafai huɗu kan kaɗe-kaɗen gargajiya.

"Waɗannan za su ba ka bayani, amma ba za su ba ka murya ba," in ji ta. "Muryar tana ciki."

Ta buɗe wani ɗaki mai sanyi. Akwatunan katako ne jere, cike da kaset. Ta ce wani malamin gona ne, marigayi Malam Amos, ya yi shekara da shekaru yana yawo ƙauyukan Gwandu da Kalgo a kan babur da rakodarsa. Duk abin da ya shafi gona ɗauka yake yi: taron manoma, bayanin taki, kukan mutane kan fari, har da kiɗan gayya. Da ya rasu iyalinsa suka kawo kaset ɗin nan, sun haura ɗari huɗu.

"Matsalar guda ce, ɗana. Bai rubuta abin da ke ciki ba. Sunan gari kawai yake sawa, da sunan mutum, da shekara. Ni kaɗai ce a nan, ban kai ga sauraren ko rabinsu ba. Ka ba ni sunan makaɗi ɗaya, ko garin da ka san an yi mai ganga, in ciro maka yanzu."

Sunan yana kan harshen Abdulgani. Ya waiwaya, ya ga 'yan ajinsu biyu a bakin tebur suna jiran a sa musu hannu. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Ni ban san makaɗa ba, Mama. Ba mu da haɗi da su."

"Ko sunan gari?"

"A gwada Diggi."

Ta dube shi ta saman tabarau, ta miƙa masa takardar neman kaya ya cika. Rakoda ɗaya ce ke aiki a ɗakin, kuma awa biyu ake ba kowane ɗalibi a yini. Abdulgani ya sa abin saurare a kunne. Kaset na farko, wani dagaci ne ke bayanin yadda tsutsa ta cinye gero. Na biyu, gardama ce kan rabon taki. Na uku, masunta ne ke ƙorafin ruwa ya ja baya. Ya ƙare Diggi kaf, babu ko bugun ganga ɗaya. Ya ambaci wani gari, ya sake ambatar wani. Kowane gari ya kira, ban da guda ɗaya. Kwana goma sha biyu ya yi a haka. Wallahi da kan takin zamani aka ba shi kundi, da ya zama gwani.

Rannan Mama Rut ta ce masa, "Ɗana, shekara ashirin da shida ina wannan aiki. Mai neman abu ba ya zuwa hannu wofi, ko yaya yana riƙe da bakin zaren. Ka tabbata ba ka san kowa ba?"

"Na tabbata."

"To, Allah ya taimaka."

Saura kwana tara, aka aiko cewa Inno ba ta jin daɗi. Ya hau mota zuwa Gwandu, daga can ya hau babur zuwa Dodoru. Ya tarar zazzaɓin ya sauka, tana zaune a tabarma tana tsince wake.

"A'a, mijin nawa, mi ya same ka? Ka rame kamar ba a dahuwa Kalgo."

Bai yi niyyar gaya mata ba, amma abin ya cika masa ciki. Ya ce an ba shi aiki kan kiɗan noma, kuma ya rasa inda zai ji ko waƙa ɗaya. Inno ta ajiye faifan waken. Ta ɗaga kai ta dubi gangar da ke rataye, ta dawo da ido kansa.

"Kai, jikan Mamman, ka rasa kiɗan noma?"

Ya sunkuyar da kai.

"Akwai wani malamin gona, Kirista, mai jan babur. Sau uku yana zuwa garinga da akwatinai mai ɗaukar magana. Ranar da anka yi gayyar babbar fadama, tun hantsi yana biye da kakanka har munka kawo fura. Ya ce zai kawo muna mu ji, bai samu dawowa ba." Ta sake duban gangar. "Shekara ashirin da biyar ban ji muryar kakanka ba. Fuskarsa ina gani, amma muryar ta fara ɓace mani. Shi ke damuna."

Abdulgani ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, kuma ba irin waccan ta aji ba ce. Kwana goma sha biyu yana zaune taku biyar daga muryar kakansa, yana sauraren labarin tsutsa, ita kuwa tsohuwar nan tana fama da mantuwa.

Washegari da safe ya isa laburare. Kamar da gangan, ranar an cika a gaban teburin Mama Rut, har da 'yan ajinsu. Ya tsaya a layi yana waiwayen su. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da aka zo kansa, bai rage murya ba.

"Mama, na yi miki ƙarya. Dodoru. Mamman mai ganga. Kakana ne."

Ya jira dariya. Ba wanda ya yi. Wata ɗaliba ta ci gaba da neman bironta a jaka. Ɗaya daga cikin 'yan ajinsu ya ce, "Kai ka huta, ashe kayan aikinka a gida suke. Ni da aka ba ni waƙoƙin masaƙa, ko masaƙi ɗaya ban sani ba." Shi ke nan fa. Abin da ya yi shekara bakwai yana gudu, ga iyakarsa.

Mama Rut ta shiga ciki. Ko minti biyar ba ta yi ba ta fito da kaset uku, kowanne da rubutun Malam Amos da ya koɗe: Dodoru, Mamman. Ta sa fensir ta juya zaren na farko a hankali don kada ya tsinke, ta saka, ta danna.

Da farko iska ce kawai da hayaniyar mutane. Sai ganga ta faɗo, mai nauyi, irin wadda ake ji a ƙirji kafin kunne. Sannan murya ta tashi, shaƙaƙƙiya amma mai ƙarfi, tana kiran manoma ɗaya bayan ɗaya, kowa da takensa. Abdulgani bai taɓa jin muryar nan ba, amma ya san ta, domin haka mahaifinsa ke jan magana in yana kiran mutum daga nesa. Hawaye ya zubo masa, bai ma goge ba.

Sai dai aiki bai ƙare ba. Waƙa takwas ya samu, amma rabin kalmomin bai gane su ba. Tsohuwar Hausar ƙauye ce, da sunayen gonaki da mutanen da suka daɗe a ƙasa, ga Fulatanci jefi-jefi. Ya duba ƙamus biyu, ba su fisshe shi ba.

"Ba a fita da kaset," in ji Mama Rut, "amma zan sa a juye maka a waya. Littafin da zai fassara maka wannan ba ya kan kantata. Yana Dodoru yana tsince wake."

Ya koma. Mahaifinsa ya rufe rumfar gyara ya biyo shi. Da la'asar suka zauna a tsakar gida, ya ajiye wayar a kan tabarma ya kunna. Inno ba ta motsa ba har waƙar farko ta ƙare. Ta ce a sake. A karo na biyu ta fara magana: wannan taken wane ne, gonarsa ce ke bayan rijiya, wannan kalmar sunan wata garma ce da aka daina ƙerawa, wannan kuwa zambo ne ga wani da ya ɓuya a gindin kalgo yana barci. Abdulgani yana rubutu har yatsunsa suka ƙage. Maƙwabta suka ji ganga suka fara shigowa. Wani tsoho ya ji an kira sunan mahaifinsa, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula.

Can wajen ƙarshen kaset na uku, bayan ganga ta yi sama, wata mace ta rangaɗa guɗa mai tsawo. Inno ta kama hannun jikanta.

"Tsaya. Mai da shi baya." Ya mayar. Ta saurara, ta yi dariya, hawaye na bin kumatunta. "Wagga guɗar tawa ce. Da ƙwaryar fura bisa kaina na yi ta."

Kwana biyar ya yi yana rubutu ba ji ba gani. Ana saura yini ɗaya a rufe, ya ajiye aikin a teburin Dakta Muhammad Sani. Dakta ya karanta babi na uku bai ɗaga kai ba, sannan ya tambayi inda ya samo mai fassara irin wannan. Abdulgani ya ce kakarsa ce, matar makaɗin. Dakta ya sa hannu.

Kafin ya bar makaranta ya kai wa Mama Rut kwafi ɗaya na kundin. Ta ciro sabon kati, ta rubuta abin da ke cikin kaset ukun nan dalla-dalla, don wanda zai zo nema a gaba kada ya sha wahalar da ya sha. Da ta zo layin ƙarshe ta tsaya.

"Nan sunan wanda ya yi bayani ake sawa. Me zan rubuta?"

"Inno, matar Mamman."

"Kai fa? Abdulgani Faruk Gwandu?"

"A takardun makaranta haka yake, ba zan iya sauyawa ba. Amma a nan ki sa Abdulgani, jikansa, Dodoru."

Ta rubuta, ta saka katin a akwati ta rufe.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Wanda ya je neman ilimi, ya je da gaskiyarsa, ya faɗi abin da ya sani da abin da bai sani ba, domin mai taimako ba ya iya buɗe ƙofar da kai ka riƙe mabuɗinta a aljihu. Matambayi ba ya ɓata, amma sai in ya yi tambayar da zuciya ɗaya. Sannan kada ka raina gidan da ya haife ka don wani ya yi dariya. Sana'ar da ta ciyar da iyayenka ta halal ba abin ɓoyo ba ce, kuma sau da yawa abin da kake yawon nema a hannun tsofaffinka yake. Ka tambaye su tun suna raye. Abdulgani ya yi sa'a ya tarar da Inno a kan tabarmarta, ba kowa ke samun wannan sa'ar ba.