Ranar da Sarki Ya Taka Ƙaya

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen zomo.

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wani gari ne mai kurmi a bayansa, ana ce masa Kurmin Sarki. Tun zamanin kakanni doka ta hana saran ɗanyen itace a cikinsa, ta hana harbin dabba. Wanda ya karya, a karɓe makaminsa, ya koma gida ba takalmi. Hanyar kuwa ƙaya ce zalla da ƙarangiya. Mai tsaron kurmin shi ne Sarkin Dawa Nomau, wani siririn tsoho da bai san sani ba, bai san sabo ba.

Ran nan sai Cindo maƙeri ya sari kirya zai yi gawayi. Sai ga Nomau.

"Gatari. Takalmi."

"Haba Baba, reshe ɗaya ne fa!"

"Ai da ɗaya ake farawa."

Sai Cindo ya tafi gida yana ɗingishi.

Sai Mantau maharbi ya harbi gada. Sai ga Nomau.

"Baba, ga cinya ka kai wa iyali."

"Iyalina sun ƙoshi. Baka. Takalmi."

Ana nan sai Sarki ya fita farauta da fadawa da dogarai. Ya biyo barewa, ta faɗa kurmi. Zuciya ta ɗebe shi, ya bi ta, ya saki kibiya. Sai ga Nomau, duk da ya san takobin dogarai ba ya wasa. Ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, baka. Da takalmi."

Dogarai suka zare takubba. "Tsohon nan ya gaji da duniya!"

Sarki ya ce, "Nomau, ka san kanka na iya rabuwa da wuyanka yau?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Amma in na ƙyale ka, da wane ido zan kalli Cindo?"

Sai Sarki ya sauko daga doki, ya miƙa baka, ya tuɓe takalmi.

Waziri ya ce, "Zaki, to hau doki mana."

Sarki ya ce, "Cindo a doki ya koma?"

Kai yara, duk sanda na zo nan sai tsigar jikina ta tashi! Sai Sarki ya kama hanya da ƙafa. Kunya ta kama fadawa, kowa ya tuɓe nasa. Haka suka shiga gari, Sarki a gaba, sawunsa duk jini.

Ƙurunƙus kan kusu, ga shi can ya shige rami. Doka ba ta tsayuwa sai mai ita ya fara durƙusa mata.