Wutsiyar da Ta Nuna Gidan Gwamma

Ku matso, masu son gardama, yau kun samu abin yi.

Shekarar da tauraruwa mai wutsiya ta fito, yara uku suka rasu a wani ƙauye cikin mako guda. Da magariba takan tsaya a yamma, wutsiyarta ta miƙe gabas. To, a ƙarshen gari ta gabas gida ɗaya ne tak, na wata tsohuwar unguwarzoma, Gwamma. Shi ke nan, aka ce sama ta tona asirin mayya. Matan da ta karɓi haihuwarsu da hannunta, su suka fara jifan ƙofarta. Kai, ɗan Adam ba shi da kunya! Mai gari ya ce gobe a kora ta daji.

Gwamma tana da 'ya'ya uku, kowa da garinsa, shekara shida ba wanda ya leƙo ta. Da labari ya kai musu, sai ga su.

Babban, Jatau, maƙeri ne, ba ruwansa da taurari. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce wa mai gari, "Ranka ya daɗe, a ba mu kwana goma. In ba ta wanku ba, ku haɗa da ni." Gwamma tana ciki tana jin duwatsu na sauka a kansa, har ya rasa ido ɗaya, bai motsa ba. Ba don shi ba, da ba ta ga jibi ba.

Na biyu, Tanimu, malamin makaranta ne. Ya ce wa jama'a, "Wannan abu ƙanƙara ce da ƙura. Daga can nesa take zuwa, bayan duniyoyin da ke zagaya rana, inda sanyi ya daskarar da komai. Rana ke narkar da ita, hayaƙin da ke tashi shi ne wutsiyar, kuma kullum guje wa rana take yi. Ku jira tauraruwar ta fito da asuba, wutsiyar za ta juya yamma." Ba don shi ba, da ba a san abin da za a jira ba. Amma dariya aka yi masa: ƙanƙara da hayaƙi?

Autar, Azumi, ƙanƙara take sayarwa a birni. Ta ɗauko ƙatuwa guda a buhu, ta mulmule ta da toka, ta ajiye a rana gaban mai gari. Kowa ya ga tururi na tashi daga abin da babu wuta a cikinsa. Ba don ita ba, da tun a kwana na uku haƙurin mutane ya ƙare.

Asubar kwana na tara tauraruwa ta fito a gabas, wutsiyarta ta juya yamma, kan gidan mai gari. Ba wanda ya sake cewa mayya, ba kuma wanda ya ce ta yafe masa.

Baƙin ciki ya cika Gwamma. Ta ɗaure kayanta, ta ce ta gama shan ruwan garin nan. Kowane ɗa ya ce, "Inna, gidana za ki." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Sai da sama ta nuna muku gidana kuka gane hanyarsa."

Tsohuwa dai tana tsaye da ƙunshi a ka, kuma gida ɗaya za ta shiga. To, a cikin ukun nan, wa ya cancanci ta bi shi?