Makullin Ofishin Darakta

An ɗauki Tabawa aikin shara na shekara biyu a sakatariyar wata ƙaramar hukuma. Saura wata takwas wa'adin ya cika, Darakta Sabitu ya kore ta, wai wata uku ba ta zo aiki ba, alhali ƙanwar matarsa yake so ya ba gurbin. Tabawa ta kai kuka gaban kwamiti.

Darakta ya ce, "Rajistar zuwa aiki ta ɓace. In tana zuwa, ta kawo shaida."

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da shaida, sai tambaya. Makullin ofishinka nawa ne?"

"Ɗaya ne, tunda nawa ya ɓace bara."

"A hannun wa yake kwana?"

"Hannunki mana."

Ta kwanto shi daga bakin zanenta, ta ajiye kan tebur. "To in wata uku ban zo ba, ta taga kake shiga, ko kuwa kai ma ba ka zuwa?"

Shugaban kwamiti ya ɗaga biro, ya dubi Darakta. "Wanne zan rubuta?"

Darakta ya share gumi. "Tana zuwa. Wallahi har riga ni take yi."