Gyaɗar Kurege a Kan Farantin Sola

Ga ta nan, ga ta nanku, ta shigo da ɗuminta.

Ta zo mu ji ta, mun matsa mata wuri.

Ranar Alhamis ce, sha bakwai ga watan Oktoba. Ruwan ƙarshen damina ya sauka da asuba ya wanke gari, rana ta fito tas, babu ko ɗigon gajimare. A wannan safiya Kurege ya tashi da murna a zuciya da damuwa a ciki. Amma bari in koma baya kaɗan, ku ji inda aka taso.

Kurege yana da mata, sunanta Tasalla, mai hankali, ba ta da yawan magana. Da gas take girki, kuma duk dajin nan Kura kaɗai ke sayar da gas, can bayan kasuwa. In gas ya ƙare, wa zai ɗauki tukunyar gas ɗin? Kurege. Ya naɗa gammo, ya aza ta a ka, ya hau tudu, ya gangara kwari. Kura ta zuba masa rabi ta ce ta cika, ta bi shi da dariya. Ya dawo, ba a jima ba gas ya sake ƙarewa, ya sake naɗa gammo. Haka dai, har tsakiyar kansa ta yi sanƙo, yara suna kiransa Baba Mai Madubi.

Tasalla ta ga abin ya isa. Ta gyara bayan gida, ta shuka kuɓewa da alayyafo da tumatir da zogale, ta yi kunyoyin gyaɗa, ta ajiye duro a gindin indararo don tarar ruwan sama. Ta yi ta sayar da ƙuli-ƙuli har kuɗi suka taru. Sannan ta kira Ƙadangare, wanda duk dajin babu wanda ya kai shi sanin rana, tunda a cikinta yake wuni. Ƙadangare ya hau rufin ɗaki ya kafa baƙin farantin sola mai faɗi, ya jawo waya zuwa madafa, ya haɗa da murhun lantarki.

Da zai tafi ya gyaɗa kai ya ce, “Batirin ƙarami ne, na fitila ne kawai. Girki kuwa da rana za a yi, farantin ya sha rana, murhu ya yi zafi. Abu ɗaya nake roƙo: kada a rufe masa fuska.”

Kurege ya ce, “Wa zai rufe? Wanda ya rufe, Allah ya ɗora masa tukunyar gas.” Ya shafa sanƙonsa ya kama rawa a tsakar gida yana waƙa: “Kai ya huta, ciki ya ci! Kai ya huta, ciki ya ci!”

Tasalla ta zauna ta rubuta wa Kura wasiƙa, cewa an gode, daga yau gidan Kurege ya bar sayen gas. Ta ninke ta, ta sa cikin kwalla, ta rufe.

Kurege ya ce, “Kawo in kai wa Tattabara mai gidan waya yanzu-yanzu.”

Ta ce, “A'a, Malam. Inna za ta zo ran Alhamis. Ka san ta, ta ce wutar da ba ta da harshe ba ta dafa tuwo. In ta ci ta yaba, wasiƙa ta tafi. In ta kushe, ba zan yi musu da uwata ba, gammonka yana nan inda ka rataye shi.”

To, mun dawo ranar Alhamis. Murnar Kurege kun ji ta. Damuwar kuwa ita ce surukuta. Ɗan mutunci ba ya cin abinci a gaban surukarsa. In an kawo masa, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya ƙoshi. Kurege kuwa tunda aka haife shi bai taɓa ƙoshi ba. Bara da Inna ta zo, sai da ya rame.

Ya ce a ransa, “Bana kam ba za a yi haka da ni ba.”

Tasalla na can tana jajjagen miya, ya sulale bayan gida. Ya tone gyaɗa kunya guda, ya ce kaɗan ce. Ya tone ta biyu, ya ce ta yi wa ta farko rakiya. Kafin ya ankara ya cika buhu. Ya wanke ta a duro, sai ga ta jiƙe sharkaf. Ina za a shanya? A tsakar gida Tasalla za ta gani. A bayan gida tsuntsaye za su gani. Ya ɗaga kai, ya hango rufin ɗaki, inda kowa ke shanya tun zamanin kakanni. Ya saɓa buhu ya hau.

Ga faranti shimfiɗe, baƙi, sumul, da ɗuminsa. Kurege ya taɓa, ya lumshe ido. “Kai! Wannan ai faifan shanya ne aka yi wa sarakai.” Maganar Ƙadangare ta faɗo masa, ya kore ta. “Cewa ya yi kada a rufe. Gyaɗa ai ba zane ba ce. Rana in tana da zuciya ta bi ta tsakani.”

Ya zazzage buhu, ya baje gyaɗa tun daga wannan kusurwa har kusa da waccan, babu wurin sa yatsa. Ya shimfiɗa buhun a inda ya rage, ya kwanta a kai, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana ɓarewa yana jefawa, yana waƙarsa ƙasa-ƙasa: “Kai ya huta, ciki ya ci.”

Da hantsi Inna Yalwa ta yi sallama, da sandarta da ƙullin kayanta. Aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar madafa, aka kawo ruwa, aka gaisa.

Ta ce, “Ina maigidan naki?”

Tasalla ta ce, “Ya ɗan fita, Inna.”

“Yaro mai kunya. To ina wutar taku da ake ta faɗa?”

Tasalla ta nuna murhu. Inna ta leƙa ƙarƙashinsa, ta leƙa bayansa, ta shinshina. “Babu itace, babu gawayi, babu ko warin nan na gas. Ke Tasalla, aljanu za su dafa miki?”

“Rana ce, Inna.”

“Rana? Shekaru nawa rana take dukana, ban taɓa nuna ba.”

Tasalla ta yi murmushi ta aza tukunya. Da ɗan abin da batir ya kwana da shi ruwa ya tafasa, ta yi talge, ta zuba gari, ta kama tuƙi da muciya. Tana tsakiyar tuƙi sai murhu ya yi ƙara ƙit, jar fitilarsa ta mutu. Ta danna, shiru. Ta sake dannawa, shiru. Tuwo ya tsaya cak, bai nuna ba, bai zauna gari ba, gudaji sun fara haɗa kai.

Inna ta tafa hannu. “Na faɗa! Ga rana tsaka, ga tuwo ɗanye. Wutar da ba ta da harshe ai ba ta da alkawari. Aika a nemo maigidan, ya naɗa gammo, ya ruga wurin Kura kafin tuwon nan ya sandare.”

Kalmar gammo ta hau rufi ta shiga kunnen Kurege. Ya zabura. Ya dubi gyaɗa, ya dubi faranti, ya shafa sanƙo. Sai a lokacin ya tuna addu'ar da ya yi da bakinsa, ga ta tana shirin karɓuwa.

Ya fara kwasa yana cusawa a kumatun dama, ya cika. Ya koma na hagu, ya cika. Farantin ko kusurwarsa ba ta buɗe ba. Daga ƙasa ya ji Tasalla ta ce a sanyaye, “To, Inna, bari in ɗauko tukunyar gas ɗin.”

Kurege ya ga babu lokaci. Ya yaye buhu, ya juya baya, ya sa wutsiya. Shar! Ya share dama. Shar! Ya share hagu. Gyaɗa ta yi ta zuba tsakar gida kamar ƙanƙara, a kan tabarma, a cikin kwanon sha, a kan ɗankwalin Inna.

Inna ta dafe kai tana salati. “Yau na ga ta kaina! Gidan nan rana ke girki, sama ke zubar da gyaɗa!”

A madafa kuwa murhu ya sake yin ƙit, jar fitila ta dawo. Tasalla ta ruga ta kama muciya, tuwo ya fara huci yana fal-fal. Ta murje gudajin nan sarai, ta rufe ya turara, sannan ta fito ta ɗaga kai sama. Inna ma ta ɗaga.

Ga Kurege tsaye a bakin rufi, wutsiya cike da ƙura, kumatu kamar an hura salka.

Inna ta ce, “Af! Ashe kana nan? Ina kwana?”

Ina bakin amsawa? Kurege ya durƙusa, ya sunkuyar da kai har ƙasa, ya ja wutsiya ya rufe fuska. A bayan wutsiyar yana ta tauna yana haɗiya, har da ɓawo, idanunsa na hawaye.

Inna ta ce, “Allah sarki! Kin gani, Tasalla? Ko gaisuwata ya kasa amsawa don kunya. Irin wannan tarbiyya ta yi wuya yanzu.”

Tasalla ta ce, “Ƙwarai, Inna. Kunyar har ta kumbura masa fuska. Malam, me ya kai gyaɗata rufin ɗaki?”

Kurege ya haɗiye ta ƙarshe, ya gyara murya, ya yi magana daga bayan wutsiya. “Inna, barka da zuwa. Tsaraba ce. Na ce gyaɗar fari ta gonarmu ba mai taɓa ta sai Inna. In na ba ki ita ɗanya, za ta yi fumfuna a hanya. Shi ya sa tun safe nake nan cikin rana ina shanya miki, ina korar tsuntsaye.”

Inna ta kai gefen zane ido. “Don ni ka sha wannan rana, da sanƙonka?”

Tasalla ta harɗe hannuwa. “Duka ta Inna ce, Malam?”

Kurege ya dubi gyaɗar nan warwatse, ƙwala-ƙwala. Ya dubi gammo a jikin ƙusa. Ya ce da ƙaramar murya, “Duka.”

“To sauko ka tsince mata, kada ko ɗaya ta ɓata.”

Ya sauko, ya durƙusa ya tsince gyaɗa ɗaya bayan ɗaya, ya mayar buhu, ya ɗaure da hannunsa, ya ajiye kusa da ƙullin Inna.

Tasalla ta kwashe tuwo da mara, malmala santala-santala, ga miyar kuɓewa ɗanya daga bayan gida. Inna ta wanke hannu, ta gutsura, ta kai baki. Ta haɗiye. Ta sake gutsura. Kurege yana laɓe a bakin zaure.

Can Inna ta ce, “Ba ya warin hayaƙi, kuma ya nuna har tsakiya. Ashe rana ta iya tuwo, ni ce dai ba ta ga dama da ni ba. Ƙaro mini miya.” Ta ɗaga kai ta dubi rufi. “Amma na lura da abu guda. Sai da yaron nan ya goge farantin da wutsiyarsa wutar ta dawo. Allah bai ba shi wannan wutsiya a banza ba. Kullum da safe ya hau ya goge.”

Tasalla ta ce, “Ka ji, Malam. Maganar Inna ce.”

Kurege ya ce, “Na ji.” A ransa kuwa ya auna hawa rufi da hawan tudun Kura, ya ga ya ci riba.

Tasalla ta kai masa nasa kwanon can cikin zaure inda Inna ba ta gani, ta ajiye, ta ce ƙasa-ƙasa, “Ci a hankali, mai kunya.” Sannan ta buɗe kwalla ta miƙa masa wasiƙa.

Kun san Kurege bai taɓa barin abinci don wani abu ba. Ran nan ya bari. Ya rufe kwano, ya sa wasiƙa a baki, ya zura da gudu har gidan waya. Ya liƙa kan sarki da yawunsa, ya danƙa wa Tattabara, ya tsaya a kan ƙafafunsa biyu yana kallo har ta ɓace ta wajen kasuwa. Ya dawo yana tsalle yana waƙa: “Kai ya huta, ciki ya ci!” Gammon kuwa, Tasalla ta mayar da shi mazaunin tulu.

Shi ya sa har yau in kuka ga kurege ya miƙe tsaye yana duban sama, rana yake dubawa ko tuwo zai nuna. Wutsiyar nan tasa bazar-bazar kuma, goge faranti ne ya mayar da ita haka.

Ƙurunƙus kan ɓawon gyaɗa! Wanda zai ci a ɓoye, ya duba kada ya yi shanya a kan wutar da ke dafa tuwonsa. In kuwa an kama shi, ya yi maza ya ce tsarabar suruka ce.