Sunan da Furera Ba Ta Faɗa

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ni ba zan yanke ta ba.

A Gumel akwai wani malamin makaranta, Dalhatu, da matarsa Furera, da mahaifiyarsa da ake kira Iya. 'Yarsu ta fari aka sa wa sunan Iya, wato Suwaiba. Saboda haka bakin Furera ya ɗauru sau biyu: ga alkunyar 'yar fari, ga sunan suruka. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Tana son ta kamar ranta, amma yaro bai san son da ba a faɗa ba.

Iya tana da wani tsohon fim da gidan duka suka tashi da shi. A cikinsa yaro ya yi laifi ya ɓuya a rumbu, uwarsa ta yi ta zagaya gida tana kiran sunan da ta raɗa masa, har ya fito ta rungume shi. Kullum aka zo wurin sai Iya ta share hawaye, Suwaiba kuwa ta ƙura ido.

Shi Dalhatu ɗan zamani ne, ya rantse ba zai daki ɗa ba. A waya ya koyi cewa in yaro ya yi laifi a ɗauke masa kai kawai. Ranar da Suwaiba ta yi ƙarya a kan aikin makaranta, ya ce kada kowa ya yi mata magana sai gobe. Ni dai da bulala aka raine ni, amma ban taɓa jin horo mai sanyi da ciwo irin wannan ba.

Da azahar, ana tsakiyar zafin bazara, aka neme ta aka rasa. Maƙwabta suka cika gida, wasu suka bazu cikin gari.

Iya ce ta tsayar da su. Ta ce, "Yarinyar nan ba ta fita ba. Fim ɗin nan take yi mana. Ku bar wahalar da makogwaronku, ba za ta amsa wa kowa ba sai uwarta." Ba don ita ba, da a tasha da kasuwa za a wuni.

Furera ta tsaya a tsakar gida, ga suruka, ga matan unguwa. Iya ta ce, "Faɗi, 'yar nan, na yafe." Furera ta rufe ido ta kira: "Suwaiba! Suwaiba, 'yata!" Sai aka ji ƙwanƙwasa a hankali daga cikin sito. Ba don kiran ba, da ba wanda ya san inda take.

Ashe ta kulle sito ta ciki, ta shige tsohuwar firiza da ake zuba gero, murfi ya danne. Dalhatu ya ɓalle ƙofa da kafaɗa, ya ciro ta ba numfashi. Mata suka fara salati. Shi kuwa ya kwantar da ita, yana danna ƙirjinta yana hura mata iska a baki, yadda ya gani a wayar nan tasa, har ta yi tari. Ba don shi ba, da gawa aka ciro.

Da ta warke, dangi suka zauna suka ce dole tarbiyyar yarinyar nan ta koma hannun mutum ɗaya, sauran su bi. Aka duba, kowa da hannunsa a ciki. Iya ce ta cusa mata fim, ita ce kuma ta karanta zuciyarta. Furera ce ta hana ta jin sunanta, ita ce ta yar da kunyarta a bainar jama'a. Dalhatu ne ya sa aka yi mata shiru, shi ne ya maido mata da numfashi.

To, a cikin ukun nan, wa za ku danƙa wa Suwaiba?