Waken Soyan da Ya Makara

Akwai wani manomi da yake shuka waken soya tare da ƙanensa kowace damina. Haka mahaifinsu ya koya musu: wan yana gaba da sungumi yana sara, ƙanen yana biye da ƙwarya yana zuba iri, yana rufewa da diddige. In sun gama gonar wan, sai su tsallaka ta ƙanen. Da waken nan matar wan take yin awara da kunu, da shi yaransa suke kwana a ƙoshe.

Wata shekara awakin ƙanen suka cinye wa wan harawa. Wan ya faɗi magana mai zafi, ƙanen ya tafi da hawaye. Daga nan ko gaisuwa babu.

Ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙu. Matar ta ce, "Maigida, mutane fa sun shuka. Ka kira ƙanenka mana."

Ya ce, "Ni ne babba. Shi zai zo."

Kash! Mako ya bi mako, kewar ɗan'uwansa tana cinsa, amma ya ƙi buɗe baki. Sai da waken maƙwabta ya rufe kunya sannan ya shuka shi kaɗai.

Marka ta sauko wakensa yana ɗanye sharaf. Ruwa yana dukan ƙasa dare da rana, yana fantsama ƙwayoyin cuta a kan ganye mai taushi. Ɗigo-ɗigo ja suka fito, ganyen ya yi rawaya, ya huje, ya zube. Waken ƙanen kuwa, da aka shuka a kan kari, ya riga ya yi ƙwari. Cutar ta ɗan lashi ganyen ƙasa, ta bar shi.

Da kaka ta yi, manomin ya zauna a bakin gonarsa yana kuka, gama ko irin baɗi bai samu ba. Sai ga ƙanen da buhu a ka. Ya sauke, ya durƙusa.

"Yaya, ga na yara, ga kuma iri."

"Me ya hana ka zuwa lokacin shuka?"

"Na zo, Yaya. Kowace safiya ina bayan ɗorawar can da ƙwaryata. Kunya ce ta hana ni ƙarasowa. Jira nake ka kira sunana."

Wan ya rungume shi, ya yi ta kiran sunan.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattuna, sulhu ma yana da lokacin shukarsa. Gonar ita ce gidanka, irin shi ne kalmar gafara, cutar kuwa ɗacin rai ne, wanda ya fi kama abin da aka bari ya makara. Allah bai jira mu fara zuwa ba, shi ya fara kiranmu. Wataƙila wanda kake jira ya zo, yana bayan ɗorawa tun tuni. Kafin ka ci tuwon yau, ka kira sunansa.