Bar Min Rediyon, Kai Dai Tuƙa

Akwai wani ɗalibi a makarantar koyon tuƙin jirgin sama, Dogo ake ce masa. Hannunsa na da kyau a tuƙi, amma magana ta rediyo da hasumiyar kula da jirage ita ke ba shi tsoro. Da ya danna maɓalli sai harshensa ya sarƙe.

Abokin zamansa a na'urar gwajin tuƙi ɗan kawunsa ne, wanda tun bai taɓa tashi da jirgi ba ya sa ake kiransa Kyaftin. Kamfani ɗaya ya turo su, kuma mutum ɗaya cikinsu zai ɗauka aiki.

Duk sanda aka haɗa su, sai Kyaftin ya ce, "Bar min rediyon, ɗan'uwa, kai dai tuƙa." In Dogo ya ɗaga hannu a aji, ya zungure shi: "Kada ka ba da mu, zan yi maka bayani a ɗaki."

Dogo har gaya wa mahaifiyarsa yake Allah ya ba shi garkuwa.

Ranar da zai fara tashi shi kaɗai, malamarsu ta sauka daga jirgin ta rufe masa ƙofa. Ya kai jirgi bakin titin tashi. Hasumiya ta ba da umarni, tana jira ya maimaita kamar yadda doka ta ce. Ya waiwaya dama, kujera wayam, ba Kyaftin. Aka sake kira. Ya kasa haɗa kalma biyu. Aka ce ya juyo.

Yana canza kaya ya jiyo Kyaftin a baranda yana dariya da abokai: "Tun farko malama ta ce in riƙa bar masa rediyo. Hauka nake? Gurbi ɗaya ne fa."

Dogo ya fito, idonsa ya kaɗa. "Ni za ka yi wa haka? Gida ɗaya muka tashi."

Kyaftin ko kunya. "Na taɓa ƙwacewa daga hannunka? Kai kake miƙo min."

Wannan maganar ta fi cin amanar yi masa ciwo, don ya san ba ƙarya a ciki. Kamfani ya ɗauki Kyaftin. Dogo ya maimaita aji, a kujerar gaba, yana tambaya da bakinsa.

Darasi: Ba duk mai sauke maka wahalar koyo ne masoyinka ba. Ka yi tambaya, ka yi kuskurenka da bakinka tun akwai mai gyara maka, don ƙarfin gwiwa ba a aronsa. Tura wa ɗalibin da ka san yana ɓuya a bayan wani.